Lahiya Lau, Aplikasiyon Ilyasu

Da Ilyasu ya sauko daga motar Buza bayan shekarun da ya share a Abijan, sai ya tarar garinsu Tama ta yi abubuwa da yawa ba tare da ta nemi shawararsa ba. An kafa dogon ƙarfen rezo na wayar salula a kan dutsen da suke harbin ƙadangaru suna yara. Rumfar mai shayi ta koma butik mai firiji. A fadama, rijiyoyin da ake ja da guga yanzu injin ban ruwa ne ke tari a bakinsu. Jakuna sun ragu, kabu-kabu sun ƙaru. Tsohuwar da ke jifansa in ya hau mata magarya ta rasu, magaryar ma an sare. Tsofaffin da ba su iya karatu ba, kowanne da waya a aljihu, yana tura bokal, wato saƙon murya, zuwa Libiya da Kamaru kamar mai magana da maƙwabci ta kan danga. Sannan Habsa, ɗiyar Kawu Mato, taubashiyarsa da ya bari tana tallan ƙuli-ƙuli, ta zama budurwar da masu babur ke rage gudu a ƙofar gidansu ko babu rami a hanya.

Shi kuwa ya dawo da jaka ɗaya, da ordinata, wato kwamfuta, mai tsagaggen murfi, da tabarau wanda ba na ciwon ido ba. A Abijan aikinsa liƙa gilashin kariya ne a fuskar wayoyi cikin kasuwa, in ciniki ya lafa ya kalli bidiyon masu rubuta aplikasiyo, wato manhajar waya. Amma wannan bayanin ya yi masa tsawo, don haka ya gajarta shi.

"Inna, ni yanzu debelofar ne."

Baraka, uwarsa, ta ɗago kai daga tankaɗe. "Mi kake ɗebewa?"

"Ba ɗiba ba ce, Inna. Ni nike koya ma waya tunani."

"To Allah shi sa ka rage naka, kar ka ba ta duka."

Kawu Mato bai yi dogon zagaye ba ranar da Ilyasu ya je gaishe shi. Yana zaune a zaure yana ɗinkin buhun albasa.

"Ilyasu, kai ɗan ƙanwata ne, ba ni ɓoye maka. Mutari mai sayen albasa na Madawa ya aiko neman Habsa. Ban amsa mashi ba, don ita tac ce a jira ka. To ga ka. Ka nuna mani sana'ar da za ka riƙe mace da ita kahin a gama kwashe albasa daga hwadama. In babu, ka hwaɗa mani, mu rabu muna mutunci."

"Kawu, abin da nike shiryawa, Mutari da motarshi duka sai su shiga aljihuna."

Daga bayan labule aka ji muryar Habsa. "Baba, tambaye shi ko aljihun na da ƙasa."

"Ke, taubashiya, bari ki ga. Wata rana jirgi za ki hau."

"Ka hwara da kabu-kabu."

Gaskiyar magana, a lokacin babu abin da yake shiryawa. Dabarar ta zo masa ne ranar da Baraka ta aike shi sayen sukari. Ya fita da hantsi, bai dawo ba sai da rana ta take. Tun daga ƙofar gida aka fara tare shi. An zo lahiya, ina gajiyar hanya, ina mutanen Abijan, ina zahi, ina iska, ina abin da ya samu. Ko da ya kuɓuta daga wani dattijo, sai ya ga dattijon ya zaro waya ya ci gaba da irin wannan gaisuwar da ɗansa na Libiya, bokal kan bokal, ba wanda ya kai ga magana. Ilyasu ya tsaya da sukari a hannu, ya gyara tabarau.

Da yamma ya tara samarin fada, majalisar hirarsu ta unguwa, ana shan shayi, ya ce musu ya kafa sitatop.

"Sitatop shi ne ka gano ciwon da ke damun mutane, ka yi mashi magani cikin waya, masu arziki su zo daga waje su saye."

Ɗangana, mai lambu a fadama, ya ce, "Mu ciwonmu tsutsar albasa ce."

"Wannan ƙaramin ciwo ne. Babban ciwon ƙasar Adar gaisuwa ce. Ita ke cinye muna lokaci, ita ke cinye muna kuɗin forfe na waya."

Ya shiga ɗaki ya kulle kansa, ana jin ƙarar maɓallai da tsaki. Da ya fito, ya fito da aplikasiyo mai suna Lahiya Lau. Aikinta ba wuya. Mai waya zai ɗauki muryarsa sau ɗaya yana faɗin amsoshin gaisuwa: lahiya lau, babu gajiya, sai godiya, da sauƙi. In bokal ya shigo, waya ta saurara, ta zaɓi amsar da ta dace, ta tura da muryar mai ita, ta ɗora da tata tambayar don kada a ce ba ta da ladabi.

Habsa ta zo kawo wa Baraka fura ta tarar yana gwaji. Ta jingina da garu ta saurara.

"In anka hwaɗa mata abin da ba ta sani ba hwa?"

"Na tanadi wannan. Duk abin da ba ta gane ba, sai ta ce: to madalla, haka ne."

"Komi?"

"Komi. Ki duba tsohi in suna hira. Babu maganar da madalla ba ta shiga."

"To," in ji Habsa, ta ɗauki ƙwaryarta.

Wayarsa ya fara sa wa, don a ga mai magani yana shan maganinsa. Sai ta Ɗangana, wanda kullum hannunsa cikin laka. Sai ta Isaka mahauci, wanda kullum hannunsa cikin jini. Da farko abin ya yi kyau ƙwarai. Ɗangana yana gyara kwalbatin ruwa wayarsa tana can rataye a reshen zogale tana gaisawa da ƴan'uwa har Kamaru. Dangi suka fara yabonsa, wai ya yi hankali, yanzu ko ƙiftawar ido ba a yi yake amsawa. Ilyasu ya fara tafiya a gari hannu ɗaya a aljihu. Ya sa tela ya rubuta PDG a ƙirjin rigarsa, duk wanda ya tambaya sai ya ce ma'anarsa shugaban shugabanni.

Sai wani makiyayi abokin Ɗangana ya turo bokal. Bayan doguwar gaisuwa ya ce ya ji an ce Ɗangana ya gama kwashe lambunsa, ko zai iya sako awaki su ci abin da ya rage? Waya ta nemi wannan cikin abin da ta sani ba ta samu ba. Ta ce, da muryar Ɗangana mai fara'a, "To madalla, haka ne. Ina gajiya?"

Ɗangana ya dawo daga Azahar ya tarar da garke guda a cikin shu, wato kabeji, da tumatir, wasu sun tsaya a kan kunyoyin albasa suna tuƙa. Makiyayin yana zaune a inuwa yana sa masa albarka.

Ɗangana ya iso gidan Baraka da sauran gindin shu a hannu.

"Ilyasu, hito ka ga abin da madallarka ta yi."

Ilyasu ya duba gindin ta sama, ya duba ta ƙasa. "Wanga shi muke ce ma bog. Ko manyan aplikasiyo na duniya suna da shi. A ƙasashen da sunka ci gaba, wanda ya gano bog yabo ake mashi."

"Ni shu nika so, ba yabo ba."

Ba a gama wannan ba sai na Isaka mahauci. Surukinsa ya rasu a Tamaske. Babban ɗan marigayin ya turo bokal yana shessheƙa: Allah ya yi wa tsoho cikawa da asuba. Isaka yana can yana feɗe bunsuru, wayarsa ta ɗauki nauyin. "To madalla, haka ne. Ina yara?" Ɗan ya ɗauka rezo ne ya haɗa maganganu, ya sake faɗa a hankali, kalma kalma. Waya ta sake ba shi madalla, wannan karon ta tambaye shi ya kasuwa.

Kafin rana ta faɗi duk Tamaske an saurari bokal ɗin. Matar Isaka ta ɗaure kayanta ta tafi gaisuwar mutuwa, ta bar saƙo cewa kada a sa ran dawowarta. Isaka ya zo gidan Baraka bai tuna ya ajiye wuƙar aiki ba, abin da ya sa Ilyasu ya amsa masa ta taga.

"Malam Isaka, ka kwantar da hankali. Mizajur za ni yi."

"Mi ke nan?"

"Gyara. In an yi shi, ba ta ƙara kuskure."

"Shina maido mani matata gida?"

"Wannan sai a bersiyo ta gaba."

Gyaran da ya yi shi ne, ya koya wa waya cewa duk muryar da ta zo ƙasa-ƙasa, a dishe, to labarin mutuwa ne, ta yi ta'aziyya. Ya sa Ɗangana, wanda ya yarda don Baraka ta roƙe shi, ya ɗauki muryarsa cikin alhini. Rabon wahala bai ƙare wa Ɗangana ba. Matar wansa ta haifi tagwaye a Karofane. Wan ya yi ta sanar da mutane har muryarsa ta dishe, sannan ya tuna da ƙanensa. Amsa ta dawo masa nan take: "Inna lillahi. Allah shi jiƙan su, Allah shi ba mu haƙurin rashi." Wan ya aiko cewa ranar suna kada Ɗangana ya kuskura ya taka Karofane, ko naman rago ba za a aiko masa ba.

Wani mutum da ya ga haka zai naɗe tabarma. Ilyasu ya ce abin da ya rage wa Lahiya Lau shi ne babban buɗewa a gaban jama'a, don mutane ba su girmama abin da aka fara a ɓoye. Ya zaɓi ranar kasuwa. A lokacin buhunan albasa sun fara taruwa a bakin hanya, manyan motoci suna lodi, har da ta Mutari. Ya aro lasifika daga masu kiɗan biki, ya jera kujeru a gindin itacen bedi, ya yi ta zarya har Maigari da Liman suka yarda su zo, suka kuma yarda a sa musu abin a waya, su biyun don kunyar Baraka. Kawu Mato ya zo ya zauna a gefe. Habsa tana cikin mata da tiren goro a cinya. Mutari ya jingina da motarsa yana ɓare gyaɗa.

Ilyasu ya yi jawabi mai tsawo, rabi Hausa rabi Faransanci, inda ya ce daga Tama abin zai kama Madawa, ya kama Tawa, ya kama Yamai, har Larabawa su zo neman a fassara musu.

Maigari ya ɗaga hannu. Tsoho ne mai jan magana. "Yaro, tambaya guda. In waya ta amsa, wa ya amsa? Ni ko ita?"

"Kai ne, ranka shi daɗe. Muryarka ce, izininka ne. Abin da waya tac ce, mai ita ya ce. Babu bambanci ko na ƙwayar gero."

"Kun ji?" in ji Maigari.

Jama'a suka ce sun ji. Kawu Mato ma ya gyaɗa kai.

Ilyasu ya kara wayoyin biyu a bakin lasifika, ya roƙi Liman ya tura wa Maigari gaisuwa guda. Liman ya yi gyaran murya ya ce, "An wuni lahiya?"

Wayar Maigari ta amsa, duk kasuwa na ji: "Lahiya lau. Ina gajiya?"

Wayar Liman ta karɓa: "Babu gajiya. Ina gida?"

"Sai godiya. Ina zahi?"

"Da sauƙi. Ina gajiya?"

Aka yi tafi. Wata tsohuwa ta ce wayoyin nan sun fi yaran yanzu tarbiyya. Ilyasu ya sunkuya kamar yadda ya ga ana yi a bidiyo.

"Babu gajiya. Ina gida?"

"Sai godiya. Ina zahi?"

Tafi ya ragu. An sake zagayowa kan gajiya, an koma gida, an dawo zahi. Mai tsire ya bar tukubarsa ya matso. Ilyasu ya danna nan, ya danna can, gumi ya fara jiƙa PDG.

"Yaushe za su gama?" in ji Liman.

"Yanzu, Malam. Sai ɗaya ya yi sallama."

"To su yi mana."

Nan Ilyasu ya tuna. Ya ɗauki muryar kowa yana cewa lahiya lau da babu gajiya, amma bai taɓa sa wani ya ce sai an jima ba.

Habsa ta ɗaga murya daga cikin mata. "Wanda ya bar gari ba sallama, ina za shi koya ma waya sallama?"

Dariya ta tashi. Ilyasu ya raɗa wa Liman cewa abin da sauƙi, ya kashe wayarsa kawai. Liman ya janye hannu kamar an miƙo masa garwashi.

"Ni in yanke ma Maigari gaisuwa a gaban jama'a? Kai ba kai kac ce shi ke magana ba?"

Ya juya wurin Maigari. Maigari ya ce tun kakanninsa ba a taɓa jin sarauta ta katse malami yana gaisuwa ba, kuma ba a kansa za a fara ba. Ilyasu ya miƙa hannu zai kashe da kansa, dattijai biyu suka buge hannun a tare. Haka aka zauna, manyan gari biyu sun haɗe rai suna sauraron kansu suna tambayar juna gajiya, masu lodin albasa suna amsa "babu gajiya" a tare kamar amshin waƙa, har Allah ya kawo sauƙi batirin Maigari ya mutu a tsakiyar "ina gida".

Ilyasu ya share goshi ya kama lasifika. "Jama'a, kun dai ga ƙarfinta. Ko gajiya ba ta yi."

Sai Kawu Mato ya miƙe. Ya zo a hankali, ya zaro tsohuwar wayarsa da aka ɗaure da roba.

"Tunda an buɗe lasihika, ni ma ina da abin da nike so a ji. Shekaranjiya na tura ma ɗan ƙanwata magana, don ban so in kunyata shi a zaure."

Ilyasu bai san da wani saƙo ba. Tun da ya sa Lahiya Lau a wayarsa bai sake sauraron bokal ɗin kowa ba. Kawu ya danna, muryarsa ta cika kasuwa: albasa ta kusa ƙarewa, mutanen Mutari sun sake aikowa, kuma ana ce masa Ilyasu ba aure ne a gabansa ba, wayarsa ce matarsa. Haka ne?

Muryar Ilyasu, a sake, har da ɗan murmushi a ciki: "To madalla, haka ne. Ina zahi?"

Muryar Kawu ta dawo: "Ilyasu, ka yi tunani. In ba Mutari Habsa ke nan?"

"To madalla, haka ne. Ina yara?"

Mutari ya daina ɓare gyaɗa.

"Kawu, ba ni ba ne. Waya ce."

"A'a. Maigari ya tambaye ka, mun ji. Ko na ƙwayar gero." Kawu ya mai da waya aljihu. "Amma ni ba azzalumi ba ne. Ga jama'a, ga lasihika. Ka ce abin nan naka shirme ne, bai san abin da shike hwaɗi ba, a goge shi daga wayoyin mutane, ka bi ni hwadama gobe mu ɗinka buhu. Sai in ce ban ji komi ba."

Ilyasu ya dubi Habsa. Ta ajiye tiren goro tana kallonsa, kuma wannan karon babu tsokana a fuskarta. Ya dubi ordinatarsa a kan tebur. Ya buɗe baki, kowa ya ga yana so ya faɗa. Ya gyara tabarau.

"Kawu, shirme dai ba za a ce ba. Ƙaramin bog ne. In ka ba ni lokaci in yi mizajur…"

Habsa ta ɗauki tirenta ta ɗora a ka.

"Baba," ta ce, ba tare da ta ɗaga murya sosai ba, "ka ce ma mutanen Madawa su zo."

Ta wuce ta gaban Mutari ba ta ko dube shi ba. Shi kuwa ya rasa abin yi, sai ya miƙa wa na kusa da shi sauran gyaɗar.

Ilyasu bai fita gida ba sai da ya ji motar albasa ta ƙarshe za ta tashi zuwa Kotonu. Ya shirya da direba zai hau saman buhuna. Yana cusa ordinata cikin jaka yana yi wa Baraka bayani: Tama ba ta nuna ba tukuna, irin wannan fasaha sai bakin teku, inda mutane ke wuce juna ba ko sannu. Can za a gane darajarsa. Yana da ma wata sabuwar dabara, amma ba zai faɗa ba kada a sace.

Baraka ta bari ya gama ɗaure jakar, sannan ta zo ta zauna a kanta.

"Ka yi ma kawunka sallama?"

"Ina tura mashi bokal a hanya."

Ta miƙa hannu. Ya daɗe yana kallon hannun kafin ya sa wayar a ciki. Ta ƙulle ta a bakin zaninta.

"Da ƙahwa za ka tahi. Gidan kawunka, gidan Ɗangana, gidan Maigari, gidan Liman. Ka hwara da Isaka, har yau ba ka yi mashi ta'aziyyar surukinshi ba."

"Inna, mota za ta tashi."

"To ka yi sauri. Gaisuwa ce, ba noma ba."

Daga bakin hanya direba ya danna oda. Baraka ta gyara zama a kan jaka ta jawo ƙwaryar wake ta fara tsinta. Ilyasu ya cire tabarau ya sa a aljihu, ya nufi gidan Isaka yana bitar ta'aziyya a ransa kalma kalma, don kada bakinsa ya kuɓuce a ƙofar mahauci ya ce madalla.